Injiniya Mai Rajista da Aikin Duba Gida Kafin Saye

Duba gida kafin saye, wato mai niyyar saye ya ɗauko masani ya zagaya ginin ya rubuta masa rahoto kan lafiyarsa tun ba a biya kuɗi ba, sana'a ce mai zaman kanta a Amurka, inda masu yin ta suka kafa ƙungiyarsu ta ASHI a 1976, kuma jihohi da dama ke ba su lasisi na daban. A Kano, Kaduna ko Abuja kuwa, mai saye ya fi ba da ƙarfinsa ga takardun mallaka, shi kuwa ginin kansa sai a bar shi ga bakin dillali da idon birkilan da aka sani. Wannan giɓi ne wasu injiniyoyi masu rajista ke cikewa a ranakun da ba sa wurin aiki, kuma abin a yaba ne matuƙar an fahimci cewa aikin na gefe ne a wajen injiniyan kawai, domin a wajen mai saye sau da yawa dukiyar da ya tara tsawon rayuwarsa ce a kan faifai.

Injiniya mai rajista shi ne wanda COREN, majalisar da doka ta kafa a 1970 don tsara aikin injiniyanci a Najeriya, ta tantance ta ba shi lamba da hatimi. Sai dai rajistar tana tafiya ne da fanni, kuma nan ne jama'a suka fi tuntuɓe. Injiniyan lantarki na iya gane wayar da ta yi ƙanƙanta da nauyin da aka ɗora mata, amma hatiminsa ba ya ba shi hurumin yanke hukunci kan ginshiƙin da ya tsage, domin wannan aikin injiniyan gine-gine ne, musamman wanda ya ƙware kan yadda gini ke ɗaukar nauyi. Wanda ya san darajar lambarsa yakan faɗi iyakarsa tun a waya.

Abin da aikin ya fi koyarwa shi ne bambance tsagar da ba ta da illa da wadda ke ɗauke da labari. Siririyar tsaga mai kama da gashi a fuskar filasta galibi ta bushewa ce. Wadda ta taso daga kusurwar taga ta yi karkace, ko ta bi layin bulo tamkar matakala, tana faɗi a sama tana tsukewa a ƙasa, alama ce ta cewa wani ɓangare na harsashin ginin ya zauna, abin da ake yawan gani a gidajen da aka gina kan kududdufin da aka cike ko kan baƙar ƙasar laka ta arewa maso gabas, wadda ke kumbura da damina ta tsuke da rani. Haka kuma farin gishiri da ɓarewar fenti a gindin bango suna nuna danshi na hawa daga ƙasa, yayin da jan tabo a ƙarƙashin dakin, wato rufin kankare, ke nuna rodi ya fara tsatsa. Rodin da ya yi tsatsa yana kumbura ne har ya fasa kankaren da ke rufe da shi. Sabon fenti a ɗaki ɗaya tak, ko sabon silin a gidan da kwanonsa ya tsufa, dalili ne na a nemi tsani a leƙa sama. Mafi haɗari duka shi ne benen da aka ɗora daga baya a kan ginin da ba a tsara harsashinsa don hakan ba. Daɗewar gini a tsaye ba shaida ce ta lafiyarsa ba, kamar yadda rushewar wata makaranta a Jos a watan Yulin 2024, ana tsaka da karatu, ta nuna, inda mutane sama da 20 suka rasu, akasarinsu ɗalibai.

Duk da haka, ido ba ya ratsa kankare. Gudumar gwaji, wadda ake dannawa a jikin ginshiƙi ta ba da ƙiyasin ƙarfinsa, fuskar kankaren kawai take aunawa, ba ta faɗin girman rodin da ke ciki ko zurfin harsashi. Saboda haka rahoto na gaskiya dole ya zo a rubuce, da hotuna da kwanan wata, ya bayyana abin da aka gani da wurin da ba a samu shiga ba, ya kuma nemi a kwatanta ginin da zanen da hukumar tsara birane ta amince da shi, kamar KNUPDA a Kano. Gidan da aka duba da rani bai faɗi komai game da yoyo ba, kuma wajibi ne rahoton ya ce haka ƙarara.

Matsalar da ta fi damun wannan aiki ita ce ta wanda ya biya. Injiniyan da dillali ya kawo, alhali la'adar dillalin ta rataya ne a kan kammaluwar ciniki, ya shigo da nauyi a bakinsa, haka ma wanda ke fatan a ba shi kwangilar gyaran aibin da ya gano. Ya dace mai saye ya nemo injiniyansa da kansa, ya tabbatar da lambarsa a wurin COREN, ya biya shi ladan da aka yanka tun farko, ko an sayi gidan ko an fasa. Injiniyan da ke aikin gwamnati kuma yana da ƙarin abin lura, domin jadawali na biyar na Kundin Tsarin Mulkin 1999 ya hana ma'aikacin gwamnati na cikakken lokaci gudanar da sana'a ko kasuwanci na ƙashin kansa in ban da noma, wanda ke kamfani mai zaman kansa kuwa sai ya duba abin da yarjejeniyar aikinsa ta ce kafin ya karɓi gidan farko.