Darasi Daga Dawowar Doctor Who

Ɗalibai, bari mu dubi wani shirin talabijin na Ingila mai suna Doctor Who. Ƙagaggen labarin kimiyya ne a kan wani baƙo mai yawo cikin zamanai da duniyoyi. BBC ta fara nuna shi a 1963, ta dakatar a 1989 bayan masu kallo sun ragu. Sai a 2005 ya dawo mako-mako.

Me ya raya shi cikin shekara 16 ɗin nan? Masoyansa ba su naɗe hannu ba, sun ci gaba da rubuta littattafai a kansa. Ɗayansu, Russell T Davies, shi ya jagoranci dawowar.

Amma akwai abin takaici. A shekarun 1960 da 1970, BBC ta goge faya-fayan shirin da yawa don ta sake amfani da su. A 2013 aka sanar da gano kashi 9 a ɗakin ajiyar wata tashar talabijin a Jos. Fiye da 90 har yau ba a gan su ba.

Abin da muka rena yau, gobe wani zai neme shi ruwa a jallo. Saboda haka mu adana littattafan rubutunmu, da hotunanmu, da wannan mujalla. Ajiya maganin wata rana.