Ciwon Itacen Kauri da Batun Haƙƙin Halitta

Darasinmu na wannan wata zai kai mu nesa, zuwa arewacin ƙasar Niyu Zilan, inda wani itace mai suna kauri yake tsirowa. Itace ne mai kauri ƙwarai, kamar yadda sunansa ya faɗa a kunnen Bahaushe, ko da yake kalmar ta harshen Mawori ce, wato mutanen asalin ƙasar. Babbansu, wanda ake kira Tane Mahuta, a kurmin Waipoua, ya haura shekara 1,000 a tsaye.

Abin da yake kashe waɗannan itatuwa kuwa ido ba ya ganinsa. Wata ƙwayar cuta ce mai kama da funfuna, tana zaune cikin ƙasa mai laima. Takan shiga ta ƙananan saiwoyi, ta ruɓar da su, ta hau gindin itacen, ta lalata hanyoyin da ruwa da abinci suke bi. Daga nan sai ƙaro ya riƙa tsattsafowa a gindi, ganye ya yi rawaya, rassa su bushe. Kafin a ga alama a sama, ɓarna ta daɗe da yin nisa a ƙasa. Akwai allurar da ake yi wa itacen don ya jure, amma ba ta warkar da shi.

To, yaya ƙwayar take tafiya daga itace zuwa itace? Ɗan taɓon da ya manne a takalmi ya isa. A nan ne yawan jama'a ya shigo. Tsaunukan Waitakere suna dab da Oklan, birni mafi girma a ƙasar, mai mutum fiye da miliyan ɗaya da rabi, kuma a can mutanen birni suke zuwa shan iska. An gano cutar a wurin a 2006. Binciken da aka bayyana a 2017 ya nuna cewa cikin shekara biyar itatuwan da suka kamu sun ƙaru daga kashi 8 zuwa kashi 19 cikin ɗari, mafi yawansu kusa da hanyoyin ƙafa. Babu wanda ya je da gatari. Kowa ya je ne don yana ƙaunar kurmin.

A wannan zamani ne kuma ƙasar ta soma wani sabon abu a fannin shari'a. A 2014 doka ta mai da dajin Te Urewera kamar mutum a gaban kotu, a 2017 aka yi wa Kogin Wanganui haka nan, aka naɗa wakilai biyu su yi magana da sunansa. Tun a 2008 ƙasar Ekwado ta rubuta haƙƙin halitta cikin tsarin mulkinta. Kada mu ɗauka an ce kogi yana da kurwa irin ta ɗan Adam. Kamfani ma doka tana ɗaukarsa kamar mutum. Manufar ita ce, wanda ba shi da baki a ba shi waliyyi, kamar maraya.

Amma mu lura: kurmin Waitakere bai sami irin wannan matsayi ba. Waɗanda suka fara tashi su ne ƙabilar Te Kawerau a Maki, da suka sa wa kurmin takunkumin gargajiya a Disamba 2017, suka roƙi kowa ya janye ƙafarsa. Sai a Mayu 2018 hukumar birni ta bi sawunsu ta rufe hanyoyi. A ganinmu, doka tana da amfani ne gwargwadon masu tsaye a bayanta.

Game da yawan mutane, Paparoma Faransis ya gargaɗe mu cikin wasiƙarsa Laudato Si' ta 2015 kada mu ɗora laifi a kan haihuwa mu manta da almubazzarancin masu hali. Gaskiya ne, amma cikin wasiƙar ya yarda cewa cunkoso a wuri ɗaya matsala ce. Waitakere ya nuna duka biyun: ƙafafu sun yi yawa, kuma da dama daga masu su sun wuce wurin wanke takalmi ba su tsaya ba. Hanyoyin da aka sake buɗewa daga baya, sai da aka shimfiɗa musu katako ko tsakuwa, domin tafin ƙafa ya daina taɓa saiwa.