Fashin Sallah Ba Ya Hana Motsa Jiki



Aikina a wani asibiti a nan Kano shi ne koya wa marasa lafiya motsa jiki. Sau da yawa nakan ɗora mace a kan atisayen ciwon baya, ta yi mako uku tana bi, sai in neme ta in rasa. Idan ta dawo na tambaya, sai ta sunkuyar da kai ta ce, "Anti, ina fashin sallah ne." Tun tana budurwa aka tsorata ta cewa in ta motsa jiki a kwanakin nan jini zai ɓalle mata.

Wannan magana ba ta da tushe. Ciwon mara na zuwa ne saboda mahaifa tana matsewa don ta fitar da jinin. Tafiya da ɗan sauri ta minti 20 zuwa 30, ko miƙe gaɓoɓi a tsakar gida, na sassauta wa mata da yawa wannan ciwo. Ranar da ciwon ya tsananta kuwa, ki huta, ki gasa marar da ruwan ɗumi.

Amma gaskiya ne ƙarfin jiki ba ɗaya yake ba a tsawon wata. Daga ranar farko ta jini zuwa ranar farko ta na gaba yakan ɗauki kwana 21 zuwa 35. Bayan kin yi tsarki, sinadarin istirojin yana ƙaruwa har lokacin fitar ƙwai, wajen kwana 14 kafin al'ada ta gaba. A nan ne mata da dama ke jin jikinsu sakayau, don haka in za ki ƙara nisa ko nauyi, ki ƙara a lokacin.

Bayan fitar ƙwai sai sinadarin furojestaron ya hau, zafin jiki ya ƙaru da kusan rabin digiri. Kaɗan ne a ido, amma a watan Afrilu da zafin Kano ke kai digiri 40 za ki ji shi. Ki fita da sassafe, ki yawaita shan ruwa. In al'ada ta ƙarato, ciki ya kumbura, nono ya yi nauyi, ki rage atisayen amma kada ki daina. Kowace mace da irin jikinta: ki samu ɗan littafi ki riƙa rubuta yadda kike ji har wata uku, za ki gane naki tsarin.

Abu biyu ne ba na so a yi wasa da su. Na farko, jinin da ya wuce kwana 7, ko yake jiƙa auduga duk bayan awa ɗaya, ga jiri da haki. A je a auna jini. A riƙa cin hanta, wake da zogale, a kuma raba shayi da lokacin cin abinci, don yana rage yadda jiki ke ɗaukar sinadarin ayon. Na biyu, mai neman rage ƙiba da ta haɗa yunwa da atisaye mai tsanani har al'adarta ta ɗauke wata uku, ba ciki ba shayarwa. Wannan yana raunana ƙashi.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a riƙa motsa jiki aƙalla minti 150 a mako, kuma makon al'ada ma yana cikin lissafi. Don Allah iyaye, mu daina tsorata 'ya'yanmu mata, mu koya musu sanin jikinsu.