Na Tsinci Ɗan Kwikwiyo, Ta Ina Zan Fara?

Tambaya: Malam, na tsinci ɗan kwikwiyo a bayan gidanmu, duk ya rame, kaska ta cika masa kunnuwa. Ina so in riƙe shi har ya samu mai so. Ta ina zan fara? Daga mai karatu a Jos.

Amsa: Ɗan'uwa, Allah ya saka maka da alheri. Kafin yara su saba da shi, kai shi wurin likitan dabbobi a ba shi maganin tsutsar ciki da na kaska. Da zarar ya kai wata uku, a yi masa allurar rigakafin haukan kare. Cibiyar binciken dabbobi ta Vom, nan kusa da kai, tana haɗa ta. In ya ciji wani, a wanke wurin da sabulu da ruwa na minti 15, a tafi asibiti a ranar.

Ware masa kwanonsa da inuwa a tsakar gida. Kada a ba shi albasa ko dafaffen ƙashin kaza.

Horo kuwa minti biyar ya isa, safe da yamma. Kira sunansa, in ya zo ka miƙa masa ɗan nama nan take. Don Allah ban da duka, tsoro ne ke koya wa kare cizo. Mai son karɓarsa kuma, je ka ga gidansa da idonka tukuna.