Darasi: Yadda Ake Wasa Aska da Tsabtace Ta a Sansani

Aski ba ya jiran yaƙi ya ƙare. Gashin yara yana tohowa, ƙwarƙwata da makero suna yaɗuwa inda aka cunkushe a aji ɗaya ko tanti ɗaya, ana haihuwa, ranar bakwai kuma sai an yi askin suna. Injin aski yana son wuta, cajin sola kuwa da kuɗi ake yi. Ga iyalai da yawa da suka bar gidajensu lokacin da faɗa ya kai Wad Madani a Disamba 2023, ko Singa a ƙarshen Yunin 2024, aska ce abin da ya rage a hannu, ko da mutum bai gaji wanzanci ba.

Sana'ar ba baƙuwa ba ce a wannan yanki. Kakanninmu da suka biyo hanyar aikin hajji, da waɗanda suka zo tare da Muhammadu Bello Mai Wurno, ɗan Sarkin Musulmi Attahiru na ɗaya, bayan yaƙin Burmi na 1903, suka kafa Mai Wurno a bakin Bahar Azraƙ kudu da Sinnar, da waɗanda noman auduga ya jawo Jazira bayan an gama madatsar ruwa ta Sinnar a 1925, duk akwai wanzamai a cikinsu. Manomi ba ya iya gudu da gonarsa, shi kuwa wanzami zabira kawai zai rataya.

Abin da wannan darasi yake so ku riƙe shi ne: kaifin aska maganar lafiya ce. Askar da ta dakushe sai an danna ta, in an danna ta sai ta yanki fata, jini ya fita, jini kuma shi ne hanyar da ciwon hanta nau'in B da na C da ƙanjamau suke bi daga wani kai zuwa wani. Mai kaifi tana wucewa da nauyin kanta, ba ta barin rauni.

Wace iri ce a hannunka?

Akwai askar maƙera, wadda sau da yawa ƙarfe ce gaba ɗayanta, daga baki har mariƙi. Akwai ta kamfani mai naɗewa, irin wadda garuruwan Shefild a Ingila da Solingen a Jamus suka yi suna da ita. Bayanta yana da kauri, gefunanta biyu kuma a ƙwarƙware suke. Ta uku ita ce mariƙin da ake saka wa rabin reza, abin da ake ce wa mus a kasuwa. Wannan ba a wasa ta. Reza ɗaya, mutum ɗaya, a jefar. Darasin ya shafi biyun farko.

Ka dubi askar kamfani ta ƙarshenta. Kaurin bayanta ya kai tsakanin kashi ɗaya cikin uku da kashi ɗaya cikin huɗu na faɗinta, kuma da gangan aka yi haka. In ka kwantar da ita a kan dutse, baya da baki suka taɓa dutsen tare, ta riga ta tsaya a kusurwar da ake so, wajen digiri 15 zuwa 18 in an haɗa gefe biyu. Wuƙar yanka nama tana ninka wannan, shi ya sa ba ta aski. A nan wanda ya saba wasa wuƙa ko lauje yake ɓata aska: yana ɗaga bayanta kamar yadda ya saba, sai bakin ya yi kauri. Askar maƙera da ba ta da kaurin baya, a liƙa mata salatif ninki biyu ko uku a bayan don ya ɗaga ta kaɗan, kuma kullum a yi amfani da ninki iri ɗaya.

Dutse

Dutsen washi mai fuska biyu da ake sayarwa a kasuwa na wuƙaƙe ne da gatura. Yana da amfani in bakin aska ya ɓalle, amma in ka tsaya a kansa za ka sami baki mai haƙora kamar zarto. Ana buƙatar abin da ya fi shi laushi. Wanda ya gaji dutsen wanzamai mai santsi ya riƙe shi da kyau. Wanda ba shi da shi ya nemi samfefa ta ruwa, wadda masu fentin mota suke aiki da ita, a nan ana ce mata sanfara. A bayanta akwai lamba: yawan lambar, yawan laushinta. A sami mai lamba 1000 da mai 2000, in da wadda ta fi haka laushi a ƙara. A jiƙa ta, a shimfiɗa a kan guntun gilashi mai kauri ko tayil mai santsi, za ta manne da kanta. A rufe gefen gilashin da salatif saboda yatsu.

Dole fuskar dutse ta zama a miƙe. Tsohon dutse yakan rame a tsakiya kamar akushi, aska kuma ba za ta kwanta daidai a kansa ba. A zana masa layuka da fensir, a kife shi a kan samfefa mai kaushi da ke kan gilashi, a yi ta gogawa da ruwa har layukan su goge gaba ɗaya. Inda fensir ya rage, nan ne ramin. Ruwan da duk aikin zai ci bai wuce kofi ɗaya ba, kuma ba sai na sha ba.

Washi

Kafin ka fara, shafa wa bakin askar tawadar maka a gefe biyu, daga tushe zuwa tsini. Wannan tawada ita ce malaminka in babu wani kusa.

Zauna a kan bambar ko tabarma, dutse a gabanka a kan jiƙaƙƙen tsumma don kada ya zame. Kwantar da aska, baya da baki duk a kan dutsen. Tura ta gaba, baki ne a gaba, kamar kana so ka yanko siririn ɓawo daga fuskar dutsen, kana ɗan jan ta gefe yadda tushe zai fara, tsini ya ƙare. Da ka kai ƙarshe, juya ta a kan bayanta, bakin ya tashi sama ya faɗa ɗaya gefen, sannan ka jawo ta zuwa gare ka. Kada ka taɓa juya ta a kan baki. Juyi ɗaya irin wannan yana rushe aikin minti goma. Tafiya da dawowa shi ne zagaye ɗaya.

Bayan zagaye biyar ka duba tawada. In ta goge tun daga tushe har tsini, har bakin ƙarshe, aska tana kwance daidai. In ta rage a wani wuri, nan dutse bai kai ba, kuma nan ne za ta riƙa tsige gashi maimakon ta yanke shi. Ci gaba a kan mai lamba 1000 har tawadar ta tafi ko'ina.

Wannan mataki na farko shi ne kusan dukan aikin, kuma shi ne masu koyo suke gaggawar bari. Abin da ake nema shi ne gefe biyu su haɗu a layi ɗaya. Dutse mai laushi ba ya haɗa su, yana goge abin da ya tarar ne kawai. In ba su haɗu ba za ka sami aska mai sheƙi kamar madubi wadda ba ta cin gashi. Akwai hanya biyu ta ganewa. Ka riƙe askar a rana, baki yana kallon sama. Bakin da ya haɗu ba ya mayar da haske, ba ka ganin komai. In ka ga farin layi ko ɗigo yana ƙyalli, wurin a dakushe yake. Ta biyu, ka gwada ta a gashin hannunka a wuri uku, tushe da tsakiya da tsini. Sai ta aske a duka ukun za ka wuce gaba.

Wani lokaci, musamman in an danna da yawa, wani siririn leɓen ƙarfe yakan lanƙwashe zuwa gefe ɗaya. Za ka ji shi in ka shafa babban yatsa daga baya zuwa baki, a hankali, ba tare da bin tsawon bakin ba. Alama ce cewa wancan gefen ya kai ƙarshe. Amma in aka bar shi zai karye a kan mutum. Zagaye kaɗan marasa nauyi suna cire shi.

Daga nan a wanke askar don kada tsakuwar farko ta bi ta, a koma kan mai laushi. Zagaye 20 zuwa 30 sun isa, hannu kuma yana ƙara sauƙi har ya zama nauyin askar ne kaɗai a kan dutsen. Bakin aska ya fi takarda siranta. In ka danna, lanƙwashewa yake yi ya kauce wa dutsen.

Fata

Fata ba ta cin ƙarfe sosai, miƙe baki take yi ta goge shi. Tsohon bel na fata mai santsi, marar ɗinki da ƙusa, ya wadatar. In babu, ƙyallen wandon jins ko jarida da aka naɗe a kan katako. A ɗaura shi a ƙafar angarib ko turken rakuba, a ja shi ya miƙe sosai. A nan tafiyar ta saɓa wa ta dutse: baya ne a gaba, baki yana biye. Juyi dai a kan baya. Zagaye 30 zuwa 50 kafin kowane aski. Wanda ya kiyaye wannan zai daɗe bai koma kan dutse ba.

Tafasawa

Ƙwayar cutar hanta nau'in B tana iya rayuwa a busasshen jini a jikin ƙarfe har kwana 7 ko fiye, ko da ido bai ga komai ba. Goge aska a tafin hannu ko a tsumma ba ya kashe ta. Wucewa da ita ta harshen wutar laita ma ba abin dogaro ba ne, ga kuma ɓarna: baki siriri ne, nan da nan yake zafi ya saki taurin da maƙeri ya ba shi. In ka ga ya koma ruwan ƙasa ko shuɗi, ya yi laushi, ba zai sake riƙe kaifi ba sai an cinye wurin. Tafasasshen ruwa kuwa ba ya wuce digiri 100, bai kai ya taɓa taurin ƙarfe ba.

A fara wanke askar da sabulu a cire gashi da maiƙo. A shimfiɗa tsumma a gindin tukunya don kada bakuna su bugi juna, ruwa ya rufe su, a rufe tukunyar, a ƙirga minti 20 daga lokacin da ruwan ya fara tafasa. A tsame da zafinta, a bar ta ta bushe a kan tsumma mai tsabta. Mai mariƙin roba ko katako a rataya ta yadda ƙarfen ne kaɗai zai nutse. Gawayi yana da tsada, mun sani. Shi ya sa mai aski ya fi kyau ya tara aska uku ko huɗu, ya tafasa su gaba ɗaya a kan kanun bayan an sauke abinci, kowace ta yi kai ɗaya ta koma gefe. Ruwan kulorin yana cin ƙarfe, kada a bar aska ta kwana a ciki.

Fatar ma tana ɗaukar cuta. Al'adar a tsaya tsakiyar aski a goga aska a fata a ci gaba, ita ce ke kai jinin wannan kan wancan. Askar da aka tafasa kaɗai ke hawa fata, bayan nan a shafe ta da sifirit na asibiti mai kashi 70 a bar shi ya bushe. Askin jariri kuwa a yi shi da sabuwar reza daga takardarta, ko askar da aka tafasa a ranar. Rezar da aka gama da ita a jefa a gwangwani mai murfi a kai asibitin sansani, domin yara suna tsintar su a juji.

An ce wanzami ba ya son jarfa, to kada ya yi wa ɗan wani abin da ba zai so a jikinsa ba. Wannan darasi na aski ne da gyaran fuska. Yanke cibiya aikin ungozoma ne da kayan haihuwa masu tsabta, saboda tetanas, ciwon nan da ke sandarar da jariri. Kaciyar yara maza a tuntuɓi ma'aikatan lafiya. Cire beli da tsaga wa marar lafiya suna jawo zubar jini da ruɓewar ciwo. Yaron da ke tari ko amai asibiti za a kai shi. Kaciyar mata kuwa laifi ce a dokar Sudan tun 2020, hukuncinta yana kaiwa ɗaurin shekara uku.

A koya tare

Washi a hannu yake, karatu kaɗai ba ya sa shi. Ku nemi wanzami ko maƙeri a cikinku, da wuya a rasa, ku taru mutum huɗu ko biyar a rakuba da safe lokacin da haske yake da kyau. Dutse ɗaya da gilashi ɗaya sun ishe ku. A fara da askar da ta riga ta lalace. Ɗaya yana wasawa, na kusa da shi ya sunkuya yana kallon ko baya ya tashi daga dutse, domin mai yi ba ya jin lokacin da ya ɗaga. Mata ma su zauna. Su ne suka fi aske kan yara. Ƙananan yara dai a nisanta su. Wanda ya yanke ya danne wurin da tsumma mai tsabta, ya wanke da sabulu, in ya yi zurfi ya je asibiti ya tambayi allurar tetanas.

A sanar da kwamitin sansani kafin a fara, don wasu wurare suna da ƙa'ida kan abubuwa masu kaifi. Mai tafiya da zabira a hanya ya sa ta cikin kaya tare da sabulu da fata da dutse, yadda duk wanda ya buɗe a shingen bincike zai ga kayan sana'a ne.

Da damina, daga Yuni zuwa Oktoba, tsatsa takan kama baki cikin dare ɗaya. Bayan aska ta bushe a shafa mata ɗigon man keken ɗinki ko man riɗi, a naɗe ta a busasshen ƙyalle, a rataye sama inda hannun yaro da laimar ƙasa ba sa kaiwa. Kafin aski na gaba a goge man da sifirit.