Juwan kilas

Injin mota hawa biyu ne. A ƙasa akwai gangar jiki, wadda kanikawa ke ce ma bulok. Cikinta ne piston ke hawa da sauka. A bisa akwai murfi mai nauyi, shi ne kilas. Nan buji da supap suke. Tsakanin bulok da kilas ana shimfiɗa wani faifai mai huji-huji, kaurinsa bai kai milimetir 2 ba. Sunansa da Faransanci joint de culasse. A gareji ana ce masa juwan kilas.

Abu uku ke haɗuwa a wurin nan: wuta, ruwa da mai. Esansi na ƙonewa bisa kan piston, zafinsa na wuce digiri 2000. Kusa da wutar ruwa na zagayawa don ya sanyaya inji. Baƙin mai kuma na hawa ta nasa huji don ƙarfe kada ya ci ƙarfe. Aikin juwan shi ne ya tsare kowa a hanyarsa.

Idan juwan ya ƙone, mota na fitar da farin hayaƙi mai kauri. Ruwan radiyater na raguwa ba a ga inda yake zuba ba. Mai na komawa kalar shayi da madara. Direban da ya ƙi tsayawa zai iya kashe injin gaba ɗaya, ya bar fasinja a daji cikin ranar bazara.

Peugeot 404 ta fito a 1960, Peugeot 504 a 1968. An fara haɗa 504 a Kaduna a 1975. Shekaru da yawa su ne suka yi jigilar mutane da buhunan hatsi tsakanin Maraɗi, Damagaram, Tawa da Ƙonni. Kanikawa da dama a kansu suka koyi aiki. Injin esansinsu silinda 4 gare shi. Bulok ɗinsa na baƙin ƙarfe ne, kilas na alminiyom. In sun yi zafi, alminiyom na buɗewa kusan ninki biyu na baƙin ƙarfe. Saboda haka juwan na shan gurza duk lokacin da inji ya yi zafi ya huce.

Wannan inji yana da wani hali. Silindarsa bututu ne da ake zurawa cikin bulok, ana ce masa shemis, wato riga. Kilas ne ke danne shi. Da an cire kilas, sai bakanike ya danne shemis ɗin da ƙarfe. In yaro ya juya inji kafin a yi haka, shemis ya ɗaga, ruwa ya sami hanya ta ƙasa zuwa cikin mai. Aiki ya zama biyu.

Kafin a sa sabon juwan, ana kankare fuskar bulok da ta kilas har su yi fes. Ba a karce su da ƙusa. Ba a hura ƙurar tsohon juwan da baki, domin na dā akwai amiyanti cikinsu, mai lalata huhu. Faransa ta hana amfani da shi tun 1997. Ana kuma share ramin kowane bulon. In ruwa ko mai ya kwanta ciki, bulon zai matse shi, har bulok ya tsage.

Daga nan bakanike ya aza miƙaƙƙen ƙarfe bisa fuskar kilas, a tsaye, a kwance, da karkace. Yana neman inda ta lanƙwashe. A injuna da yawa, in ratar ta wuce milimetir 0,05, kusan kaurin gashi guda, sai an kai kilas wurin masu injin gyara fuska. Sabon juwan ba ya miƙe karkataccen kilas.

Tsohon juwan ba ya komawa, ko da yana da kyan gani, don ya riga ya matsu. Sabon ana aza shi a bushe, sai fa in littafin motar ya ce a shafa wani abu. Akwai rubutu a gefe guda: DESSUS, ko TOP. Wannan gefen ke kallon sama. In an kife shi, yana iya rufe hujin mai.

Saura ɗauri, kuma nan ne gwani ke bambanta da mai ƙarfi. Kilas ɗin 404 da na 504 bulon 10 gare su. Ba a ɗaure guda tam a bar sauran. Mai gyaran kalangu ma ba ya jan tsirkiya ɗaya har ƙarshe: yana bi yana zagayawa, don fata ta miƙe daidai. Bakanike na farawa daga bulon na tsakiya, ya yi ta zagayawa har ya kai na baki. Zagayen farko a hankali, na biyu da ɗan ƙarfi, har a kai adadin da littafin ya faɗa. Ana aiki da kile mai ma'auni. Wasu na zura dogon bututu ga kile su ja da ƙarfin tsiya. Wannan ba gwaninta ba ce: bulon na karyewa, kilas na karkacewa.

A tsoffin motocin nan, bayan tafiyar kilometir 1000 ana komawa gareji. A bar inji ya huce, a sake ɗaure bulon bi da bi, a daidaita supap. Yawancin injunan zamani ba su bukatar wannan. Su ana auna ɗaurinsu na ƙarshe da kusurwa, kuma sau da yawa sai an sa sababbin bulon, domin na farko sun riga sun miƙe.

Tambayoyi

1. Waɗanne abubuwa uku juwan kilas ke rabawa?
2. Don me ba a juya injin 404 in an cire kilas ba a danne shemis ba?
3. A zana bulon 10, layi biyu, biyar-biyar. A sa masu lamba daga tsakiya zuwa baki.