Darasi Na 9: Waya Ta Yi Nauyi

Manomi a Burumburum yana son sanin kuɗin masara a kasuwar Dawanau. Ya taɓa waya, shafi ya ƙi buɗewa. Me ya sa?

Waya kamar jaki take. In kaya ya yi yawa, tafiya sai a hankali. Hotuna da bidiyon WhatsApp su ne kayanta.

Ga magani:
1. Goge bidiyon da ba ka bukata.
2. Rufe shafukan da ka bari a buɗe.
3. Kashe wayar, ka sake kunnawa.
4. Duba data da sabis.

Gwada waɗannan tukuna, kafin ka kai wa mai gyara kuɗinka.

Tambayoyi:
Me ke sa waya nauyi?
Rubuta: goge, rufe, kashe, kunna.